Babi na Bakwai: Malamin Ilimin Ƙananan Halittu, daga Tasawa da Mayahi zuwa Kujerar Farfesa

Ilimin ƙananan halittu shi ne nazarin masu rai da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma: bakteriya, da birus, da funfuna, da yis, da ƙwayoyin da ke zama cikin jini irin ta zazzaɓin cizon sauro. A makarantun Nijar mikrobiyoloji ake ce masa. Wanda ya riƙe shi sana'a a jami'a aiki biyu ne a kansa, koyarwa da bincike, shi ya sa ake kiransa malami mai bincike. Darasin da yake bayarwa a aji shi ne aikin da kowa ke gani, amma ƙarin girmansa yana rataye ne da abin da ya gano a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya kuma buga a mujallun masana.

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna gabas da arewa maso gabashin birnin Maradi. Ƙasa ce ta gero da wake da gyaɗa da jar akuya, ga Gulbin Kaba ya ratsa Mayahi da itatuwan goribarsa. Jami'o'in gwamnati mafi kusa suna Maradi da Damagaram, don haka duk ɗan yankin da ya nufi wannan sana'a sai ya bar gida. Ba yau aka fara ba. A Tasawa aka haifi Abdu Mumuni Jofo a 1929, masanin kimiyyar fizik da ya yi suna a binciken hasken rana, ya shugabanci Jami'ar Yamai, bayan rasuwarsa a 1991 aka sa mata sunansa. Fanninsa daban ne, amma hanyar da ya bi, daga lakwal ta gari zuwa manyan makarantun waje sannan komowa gida a koyar, ita ce har gobe hanyar masanin ƙananan halittu.

Hanyar karatu

Tushen yana sakandare. Bayan jarrabawar burbe, ɗalibi yakan shiga lise ya zaɓi ɓangaren kimiyya, galibi jerin D mai ƙarfi a ilimin halittu, wasu kaɗan jerin C mai ƙarfi a lissafi. A nan ake asarar mafi yawan waɗanda da sun kai. Yaron Kanambakashe ko Urafan ko Korgom da ya ci burbe yana buƙatar mai masauki a gari, da abinci, da kuɗin takardu. Ƴan mata sun fi shan wuya, domin a jihar Maradi aure yakan riski yarinya kafin ta kai ajin ƙarshe. Sau da yawa ɗalibi yana cin bak, jarrabawar kammala lise, bai taɓa leƙa madubi ba. Ya san siffar bakteriya ne daga zanen da malami ya yi a allo.

Daga bak hanya takan rabu uku. Ta farko ita ce tsangayar kimiyya, bisa tsarin da jami'o'in Nijar ke bi yanzu: lisansi shekara 3, masta shekara 2, dakta aƙalla shekara 3. Ta biyu ita ce likitanci ko harhaɗa magunguna, inda bayan dogon karatun farko mutum zai ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a gwaje-gwajen asibiti. Ta uku ita ce aikin gona da likitancin dabbobi, na biyun ƴan Nijar da dama sun karanta shi a makarantar haɗin gwiwar ƙasashe da ke Dakar.

Kafin 2010, a cikin gida, duk wannan yana nufin tafiya Yamai, inda aka fara karatun jami'a a 1971. A 2010 ne aka kafa jami'o'in Maradi da Damagaram da Tawa. Ta Maradi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyyar sinadarai kuma tsohon ministan ilimi, tana da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta aikin gona da muhalli, da ta kiwon lafiya. Wannan ya rage nisa ƙwarai ga ɗan Tasawa da ɗan Mayahi, ya kuma rage tsadar zama. Wasu kuma iyaka suke ƙetarawa zuwa Katsina, Kano, Zariya ko Sakkwato, inda digirin farko a wannan fanni shekara 4 ne kuma da Ingilishi. Suna dawowa da wata riba da ba a cika lura da ita ba, wato harshen da ake buga mafi yawan binciken duniya da shi, sai dai kuma su sha zirga-zirgar neman a daidaita takardunsu da na gida.

Mai lisansi bai zama masani ba tukuna. Da yawa a nan suke tsayawa, su yi hidimar ƙasa, su kama koyarwar kwantiragi a kwalejojin ƙauye. Masta ce ke fara sa ɗalibi riƙe bincike da hannunsa, dakta kuma ita ce ƙofar jami'a. Kasancewar kayan aikin zamani ba su wadata ba, yawancin ƴan dakta suna raba aikinsu biyu: su tara samfuri a gida, su tafi Wagadugu, Dakar, Maroko, Aljeriya ko Turai su yi ƴan watanni suna tantancewa. Samun malamin da zai jagoranci kundin shi ma aiki ne, tunda sai mai babban matsayi ke da wannan iko, kuma irinsu ba su da yawa a fannin.

Matakan girma

Ba jami'ar da mutum ke aiki ba ce kaɗai ke yanke hukuncin ƙarin girmansa. Akwai majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, CAMES, wadda aka amince da kafa ta a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Matakan huɗu ne: asistan, sai metir-asistan, sai metir-da-kwanferans, sai cikakken farfesa. Malami yakan haɗa kundin ayyukansa, maƙalun da ya buga da darussan da ya koyar da ɗaliban da ya jagoranta, a aika wa kwamitin masana daga ƙasashe daban-daban da ke zama sau ɗaya a shekara. Likitoci da masu harhaɗa magunguna suna da ƙarin shinge, gasar agregasiyo, da ake yi duk shekara 2, inda ɗan takara zai gabatar da darasi a gaban alƙalai. Masu aiki a cibiyoyin bincike da ba sa koyarwa suna da nasu matakan masu kama da waɗannan.

Amfanin tsarin a fili yake: farfesan Maradi da na Abijan ma'auni ɗaya aka auna su da shi, kuma sanayya ta cikin gida ba ta isa ta ɗaga mutum ba. Illarsa ita ce maƙala yake ƙirgawa. Malamin da ya shafe shekara yana gyara aikin labo na asibitin gunduma, ko yana koya wa mata masu daddawa tsabtar sana'a, ba lalle ne wannan ya ƙara masa komai a kundi ba. Matsin neman yawan maƙalu ya kuma buɗe kasuwa ga mujallun bogi na intanet, masu karɓar kuɗi su buga kowane rubutu ba tare da tantancewa ba.

Abin da ake bincike a kai

Idan ana maganar kayan bincike, yankin ba ya da talauci ko kaɗan. Babban misali shi ne sanƙarau. Nijar tana tsakiyar zirin ƙasashen da likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya zayyana a 1963, inda cutar ke tashi da hunturu da bazara, ta lafa da saukar damina. Ƙwayar da ta fi haddasa annobar, Neisseria meningitidis, tana da rukunoni, kuma rigakafin wani rukuni ba ya kare mutum daga wani. Saboda haka tambayar farko idan cuta ta ɓulla a ƙauye ita ce: wane rukuni ne? Mai amsa ta shi ne masanin ƙananan halittu.

Aikin yana farawa a gadon asibiti, inda ake ɗebo ruwan laka ta ƙashin baya. A labo na gunduma za a shafa shi a gilashi, a rina da launin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, a duba. Wannan yana nuna siffar ƙwayar amma ba ya faɗin rukuninta. Don a san rukuni sai an raya ta, ita kuwa ƙwayar sanƙarau ragguwa ce a wajen jikin mutum, zafi ya kashe ta, sanyin firiji ya kashe ta. Tsakanin Maradi da Yamai akwai fiye da kilomita 600, kafin a haɗa da tafiyar da samfurin ya yi daga wani ƙauyen Mayahi a kan babur. Shekaru da dama wannan nisa ya sa samfura suna isa a mace. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai, wadda ke cikin ƙungiyar cibiyoyin Pasteur, ta koma amfani da gwajin PCR, mai karanta ƙwayar gadon halitta ko da bakteriyar ta mutu. Da taimakon cibiyar Pasteur ta Paris ta kuma samar da ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan lakar a gane rukuni tun a asibitin karkara.

Da irin wannan sa ido aka gane cewa rukunin X ne ya yi ɓarna a yammacin ƙasar a 2006. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac ta rukunin A, wanda shi ne tsohon mai laifi, kuma ya kusan ɓacewa. Sai rukunin C ya taso: a 2015 Nijar ta ƙirga kusan mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, fiye da 500 suka rasu. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai kare rukunoni 5 a Najeriya da Nijar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya dogara da ma'aikacin da ya cika takardar samfuri daidai, ya kuma aika shi a kan lokaci.

Fage na biyu, wanda ya fi shiru amma bai fi sauƙi ba, shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Ana sayar da amoksisilin da makamantansa a tire a kasuwannin ƙauye, ana ba mutum ana ba dabba, ana sha kwana biyu a bari. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda aka yi a cibiyar jinyar yara masu tamowa a Maradi, ya nuna kashi 31 cikin 100 na yaran sun shigo ɗauke da bakteriyar hanji mai karya manyan magunguna, kuma cikin waɗanda suka shigo ba su da ita, kashi 94 cikin 100 sun ɗauka kafin a sallame su. Ma'ana, ɗakin jinya kansa ya zama wurin yaɗuwa. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, mai mazauni a Maradi, ta gudanar da manyan gwaje-gwaje a Madarunfa. Ɗaya, da aka buga a 2016, ya nuna bai wa kowane yaro mai tamowa amoksisilin ba ya ƙara yawan masu murmurewa idan ba su da wata cuta a tare. Wani, a 2017, ya nuna rigakafin zawon rotabirus mai jure zafi, da ake yi a Indiya, yana kare kusan kashi 67 cikin 100 daga zawo mai tsanani. Abin lura shi ne waɗannan ayyuka sun taru a kudu, kusa da labo da hanya mai kyau. Mayahi da arewacin Tasawa ba cututtuka suka rasa ba, nisa ne ya sa sunansu bai cika fitowa a mujallu ba.

Kwalara takan biyo damina da zirga-zirgar kan iyaka, kamar yadda aka gani a jihar a 2018 da 2021. Tarin fuka har yanzu ana gano shi da madubi a ƙananan asibitoci, ko da yake na'urar GeneXpert, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta sauƙaƙa gane mai bijire wa magani.

Ba duk ƙananan halittu ne abokan gaba ba, kuma a nan ne malamin tsangayar aikin gona ke da faɗin fili. A jikin saiwar wake da gyaɗa akwai ƴan ƙulle-ƙulle da bakteriyar rizobiyom ke zaune a ciki, tana jawo sinadarin azot daga iska tana ba shuka, wato abin da manomi ke saye a buhun takin ure. Gawo ma haka yake yi, yana daga cikin dalilan da gero ke kyau a ƙarƙashinsa. A ƙasa mai rairayi irin ta Mayahi, inda taki ke da tsada, gano irin rizobiyom da ya fi jure zafi da fari bincike ne da manomi zai ga amfaninsa a rumbu. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, da aka kafa a 1975, tana da babban reshe a Tarna kusa da Maradi, kuma ɗalibai da yawa a can suke gwajin gona. Shekarar 1975 ɗin ce kuma wata cutar birus da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗa a Nijar da arewacin Najeriya, noman gyaɗar fitarwa bai sake komawa yadda yake ba. Gyaɗar da ta tsira tana da wani abokin gaba a ma'aji, funfunar Aspergillus flavus, mai fitar da dafin aflatoksin da ke lalata hanta. An gano dafin ne bayan mutuwar dubban talo-talo a Ingila a 1960, kuma yana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza.

Abincin gargajiya shi ma labo ne. Daddawar batso da ake yi da gurguzu aikin bakteriyar Bacillus ce. Tsamin nono da kindirmo da fura aikin wasu ne masu mai da zaƙin madara tsami, tsamin kuma ya hana miyagu yaɗuwa. Kilishin Tasawa, da ya yi suna a duk ƙasar, yana daɗewa ne saboda rana da gishiri da wuta sun janye ruwan da ƙwayoyi ke buƙata. Haɗarinsa yana zuwa bayan an gama, daga ƙura da ƙuda da hannun mai sayarwa da takardar naɗi. Mai son fitar da shi waje dole ya nuna sakamakon labo. Matan da ke waɗannan sana'o'i sun riƙe ilimin tun kaka da kakanni ba tare da sunayen Latin ba, kuma mai binciken da ya zauna ya saurare su kafin ya ɗauki samfuri yakan rage wa kansa wahalar watanni.

Aikin yau da kullum

Makon malami yana rabuwa tsakanin babban ɗakin lacca, da darasin ƙananan rukunoni, da aikin hannu a labo. Na ukun shi ne ran fannin, shi ne kuma ya fi shan wahala. Ba a koyon shuka bakteriya a faranti da baki. Sai ɗalibi ya riƙe waya ya ƙona ta a wuta, ya ja layi, ya dawo washegari ya tarar ƙazanta ta ɓata masa aiki, ya sake. Idan ɗalibai sun yi yawa madubai kaɗan, aikin hannu yakan koma kallo. Yajin aikin ƙungiyar malamai ta SNECS da na ɗalibai, kan albashi da alawus da kuɗin bincike da batun naɗa shugabannin jami'o'i, ya sha sa shekarar karatu ta hau kan wata.

Wuta ita ce babbar damuwar labo. Ƙwayoyin da aka tara shekara da shekaru ana ajiye su a firiji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, na'urar rainon ƙwayoyi kuma tana son zafin digiri 37 ba yankewa. Yankin Maradi da Damagaram yana samun wuta ne daga layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa farkon 2024, duk mai firiji sai da ya dogara da janareto ko hasken rana. Kusan duk sinadaran gwaji daga waje ake sayo su, wasu kuma sai cikin sanyi, don haka rufe iyaka ko jinkirin kwastan yana iya tsayar da kundin dakta cak.

Kuɗin bincike mafi yawa daga abokan hulɗa na waje suke zuwa, kuma mai kuɗi yakan zo da tambayarsa. An daɗe ana ƙorafin cewa ɗan ƙasa shi ke tara samfuri, a tantance a Turai, sunansa ya faɗo a tsakiyar jerin marubuta. Abin yana sauyawa a hankali yayin da ake samun na'urorin PCR da na karanta gadon halitta a cikin ƙasa, musamman bayan annobar korona ta 2020, amma malamin da bai iya rubuta takardar neman tallafi da kansa ba zai daɗe yana aiki a gonar wani.

Akwai kuma nauyin amana. Ɗaukar jini ko kashin yaro a ƙauye yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa, da sallamar hakimi da mai gari da limami, da yardar uwa da uba bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji. A nan ɗan Tasawa ko Mayahi ya fi baƙo, domin ya san yadda ake shiga gida da yadda ake tambayar mace a gaban surukarta. Ya kuma san cewa mutanen da aka ɗebi jininsu ba a dawo an faɗa musu sakamako ba, ba za su sake miƙa hannu ba. Dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma littattafan wannan fanni da Hausa har yanzu ba su taka kara sun karya ba, kuma rubuta su aiki ne da ke jiran waɗannan malamai.

Daga bak zuwa dakta shekara 8 ne a takarda, a aikace yakan wuce 10, daga nan zuwa cikakken farfesa kuma wasu shekaru ne masu yawa. Jami'ar Maradi ta kawo rabin farko na wannan hanya kusa da gida. Rabin da ya rage ba zai matso ba sai labo na asibitocin gundumar Tasawa da Mayahi sun kai matsayin raya bakteriya da gwada ta da magani a wurin, da wuta mai ɗorewa da ma'aikata zaunannu, domin a nan ne ɗalibin masta zai sami wurin koyo, likita kuma ya sami amsa kafin majinyacinsa ya bar gado.